Baƙon da Nafi'u Ya Sauke a Ijora

Shekara bakwai ke nan da rasuwar autana Nafi'u. Ni ban san lissafin kalanda ba, amma ba na ɓata. Ya rasu bayan babbar salla, ana tsakar aikin gadar sama ta nan Agege, ginshiƙai a tsaye ba a ɗora musu komai ba. Sabon jirgin ƙasa bai fara ratsa mu da ihunsa ba, okada, wato acaɓa, kuma na shiga duk lungun da ta ga dama. Ba a sake yanka wani ragon layya ba sai ga ciwon nan da ya kulle mutane a gida, har masallatai aka rufe. Duk wanda ya zauna Ikko a lokacin ya gane shekarar da nake nufi.

Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, waina nake sa a toya a raba sadaka, in shige ɗaki in yi shiru. Bana na ce a'a, sai masu karanta jarida sun ji. Ni nake faɗa, jikata Bilkisu, 'yar marigayin, ita ke rubutawa, na kuma ja mata kunne: idan ta gyara mini magana zan sa a karanta mini, kuma zan gane. Abin da idona ya gani a Ijora watan jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa, ga gwiwa ba ta yarda.

Amma kafin in kai ku Ijora sai na fara shigar da ku gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne. Fataken goro daga Kano da Sakkwato har da Maraɗi a wurinmu suke sauka. Shi ke da suna, ni ke da gidan. Ni na san wa za a ba wane ɗaki, wa ba a haɗa shi kwana da wane. Kuma ni na san baƙo. Akwai wanda zai zo da tukunya da turmi, ya kakkafa ƙusoshi a bango, ranar tafiya sai an wuni ana kwance shi. Akwai kuma wanda zai shigo da tabarma da buta, shi ke nan. Goronsa na can sito, an ɗaure huhu-huhu da ganyen fita, kowane huhu zaman kansa yake, idan sankara ta kama ɗaya ba ta tsallaka wa ɗan'uwansa. Irin wannan baƙon, ka ce masa gobe za a rushe ɗakin nan, naɗe tabarmarsa zai yi ya koma na kusa, barcinsa bai ragu ba.

Da yamma idan muna tsintar goro ni da mata, ni ke ba da labari. Ba yabon kai ba, a zangon nan ba a yi mace mai bakina ba. Manyan fatake masu gemu sai su jawo tabarma kusa da ƙofa, wai iska suke sha. A cikin huhunan nan Nafi'u ya yi rarrafe, da labaran nan ya girma, sannan ya tafi ya karanto kwamfuta ya sami aiki a wani sito a gefen Apapa.

Can ne ya ga 'yan'uwanmu direbobin tirela da tanka. Mutum zai baro Arewa ya zo ya shiga layin tashar jiragen ruwa, ya yi kwana da kwanaki, wani har makonni, ba gaba ba baya. A ƙarƙashin mota suke kwana, a nan suke wanki, wayoyinsu a hannu amma data ba ta isa. Abin ya tsaya masa a rai. Wata Asabar sai ga shi ya shigo gida da wani tsohon akwatin kwamfuta da wurin aikinsu suka daina amfani da shi, ya dire shi a kan teburin da nake tsintar goro.

“Iya, zo ki ga masauki.”

Na ce wane irin masauki, akwatin ƙarfe? Ya ce in dai zauna. Wannan akwatin, in ji shi, shi ne mai gida. A cikinsa ya yanki ɗaki, ya ware masa rabonsa na ƙarfi da na ƙwaƙwalwa, ya sauke wata kwamfutar a ciki. Ita ba ta da ƙarfe, ba ta da waya, ba a taɓa ta da hannu, amma tana aiki kamar kowace, har a ganinta gidan nata ne ita kaɗai. Ita ce baƙon. Kuma da gangan ya zaɓo mafi ƙanƙanta. Ba hoto, ba kiɗa, ba wasa, baƙin allo ne kawai da farin rubutu. Jikinsa a kulle yake, ba ya tara tarkace, duk lokacin da ya tashi sabo fil yake tashi. Kayansa na ajiye a sito daban. Aikinsa guda ɗaya ne, ɗaukar kwantena. Ba irin na ƙarfen nan na Apapa ba, amma dabarar ɗaya ce: kowane aiki an ɗaure shi da duk abin da yake bukata, ba ya cakuɗa da na kusa da shi.

“Huhu ke nan,” na ce.

Sai yaron nan ya daka tsalle ya tafa hannu. “Huhu ke nan, Iya! Wallahi na yi wata guda ina yi wa oganmu bayani bai gane ba.”

A huhu ɗaya ya sa saƙonnin murya da direbobi za su riƙa bar wa juna, ina hanya ta lalace, ina gada ta karye. A wani ya sa karatun malamai. Na ukun kuwa nawa ne, domin ya daɗe yana ɗaukar labaraina a waya ina tsinta. Duk wanda ya matso kusa da akwatin, wayarsa za ta kama, ya ɗebi abin da yake so ba tare da data ba. A gabana ya kwantar da baƙon ya tashe shi, ya sake kwantarwa ya sake tasarwa, yana dariya. Wata 'yar koriyar fitila a goshin akwatin kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ce, “Kin gani? Baƙo ya kwanta, gida na tsaye. Ranar da gidan ya tsufa, a ɗauke shi a kai shi wani.” Na ce da a zamanin babanka wannan baƙon ya zo, ɗakin gaba zan ba shi.

A rumfar direbobi ta Ijora ya kafa shi, a hannun shugabansu Alhaji Sule, direban tanka, ƙaton mutum mai murya kamar hon ɗin motarsa. Da yake ya lura yaran mota na zare duk wayar da suka gani a bango su sa cajin tasu, sai ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, wannan wayar, kome za a yi, kada wanda ya zare ta.

Bai daɗe ba bayan haka ya kwanta ciwon 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

To, kun ji inda maganar ta juya. Gargaɗin da yaro ya yi saboda masu cajin waya, direbobi suka ɗauke shi wasiyya. Suka yanke cewa idan akwatin nan ya mutu sau ɗaya ba zai sake tashi ba, tunda mai tashinsa ya tafi. Suka haɗa masa batiran tirela da inbata, daga baya suka ɗora sola a kan rumfa. Aka riƙa karɓa-karɓa wajen gadinsa. Shekarar da ruwa ya ci rumfar har gwiwa, a kunne suka ɗaga shi suka rataye a jikin azara, mutane na tsaye cikin ruwa riƙe da batir a ka. Duk mai gyaran da ya zo ya ce bari ya kashe ya duba, da gudu yake barin Ijora. Ni duk ban san wannan ba. Ban taɓa zuwa wurin ba, domin na san akwai muryarsa a ciki, kuma ban yarda da zuciyata ba.

Sai watan jiya ga Alhaji Sule a ƙofar gidana da mutum biyu. Mai filin da rumfar take ya sayar, sito za a gina, an ba su wani wuri a tsallaken layin dogo. Sun zo neman izinina a matsayin uwar mai amana. Shirinsu kuwa, su ɗora akwatin a baro tare da batiransa, yana kunne, su tura shi a hankali kamar majiyyacin da ake ƙara wa ruwa.

Bilkisu na ɗaki tana ji. Yanzu ita ma aikin uban take yi a wani kamfani a Ikeja. Sai ga ta ta fito ko mayafi ba ta gama yafawa ba.

“Baba Sule, faifan da ke cikin akwatin nan juyawa yake kamar dutsen niƙa, kuma ya tsufa. Ku jijjiga shi a ramukan Ijora yana juyawa, ya tafi ke nan, da muryar Babana da komai. Sai an kwantar an kwafe.”

“Kwantarwa? Kashewa dai kike nufi. 'Yar nan, ina saya miki alewa kina majina. Ubanki ya ce kada a zare, da kunnenmu muka ji.”

“Abeg, Baba Sule, saboda masu cajin waya ya faɗa!”

“Kina wurin?”

Sai duk suka juyo suna kallona. Idan na bi Alhaji, rami ɗaya zai iya cinye abin da ɗana ya bari. Idan na bi yarinya, na ce wa mutanen da suka tsaya cikin ruwa saboda ɗana wahalar banza suka yi. Ina cikin wannan sai koriyar fitilar nan ta faɗo mini a rai. Na ce, Alhaji, wayar bango ya ce kada a zare ko? Ya ce ƙwarai. Na ce to ba za a zare ba. Ke kuma, za ki iya kwantar da baƙon ki bar gidan a tsaye? Yarinya ta saki baki. “Iya, wa ya gaya miki akwai baƙo a ciki?” Na ce ubanki, kina can kina makaranta. Sannan na zaunar da Alhaji na yi masa bayanin masauki tun daga tabarma har huhu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauka a gidajen mutane, ai bai sha wuyar ganewa ba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: idonsa na kan fitilar, idan ta ƙifta a tsaya.

Ranar da aka sa, na ɗauko leshina na zuwa biki na ɗaura, muka hau danfo, motar hayar nan ta Ikko. Kai, Ijora! Tireloli jere har inda ido ya ƙare, ga hayaƙi, ga masu shayi, ga wanki a shanye a jikin taya. Ba wanda ya san fuskata. Muna isa bakin rumfa na ce wa wani, ɗan nan, matsar mini da bencin nan. Sai mutumin ya daskare, ya ƙwala ihu, “Iya ce! Wallahi Iya mai labari ce!” Kafin in zauna rumfa ta cika. Wani ya ce 'ya'yansa a Gusau sun haddace labarin kifin da ya hau jirgin ƙasa. Wani Bamaraɗe ya ce da muryata ya yi jinyar ƙafarsa. Ni da na zaci labaraina sun mutu tare da fataken goro, ashe suna can suna yawo a manyan hanyoyi, sun je garuruwan da ban taɓa takawa ba. Na gyara ɗaurin kallabi, ba zan ɓoye muku ba.

Akwatin na kan kanta, an lulluɓe shi da ƙyalle mai aiki kamar sabon Alƙur'ani, fankarsa na tari irin na tsoho. Bilkisu ta fito da sabon gidan daga jakarta. Bai fi sabulun wanki biyu a haɗe ba. Alhaji Sule ya dube shi ya dube ta. “Wannan ne zai ɗauki abin da muka yi shekara bakwai muna gadi? Ko aljihuna bai cika ba.”

Ta jona allonta tana karanta farin rubutun nan, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ashe Nafi'u ya saita baƙon yana kwanciya ya tashi da kansa duk ranar Juma'a da hantsi. Duk shekarun nan da suke tsoron ya kwanta sau ɗaya, shi kuwa duk mako sai ya yi barcinsa ya miƙe.  Sai Alhaji ya juya a hankali ya dubi wani direba, Ɗanliti, wanda a da yaron motarsa ne. Ashe duk Juma'ar da abin ya ɗan ɗauke, shi ake zargi da taɓa waya. “Ɗanliti, ka yafe ni.” Ɗanliti ya ce, “Oga, sai na yi shawara.” Aka kwashe da dariya.

Daga nan ta kwantar da baƙon. Wayoyin mutane suka daina kamawa. Alhaji ya durƙusa a gaban fitilar, tana nan koriya shar. Ta kwafe baƙon a ɗan filas, abin kwafar nan na kwamfuta mai kamar yatsa, ta kai shi sabon gida. Farin rubutu ya yi ta gudu a allo, kafin in gama salati wani ya ɗaga waya sama ya ce ta kama! Aka yi kabbara. Sai kuma murna ta koma ciki, domin da suka buɗe babu komai. Ba saƙo, ba karatu, ba labari. Wayam.

Ni da na yi wa Alhaji bayani da bakina, wallahi sai bayanin ya ɓace mini. Na ce shi ke nan, na sa an kashe ɗana sau biyu. Bilkisu ta dube ni ta gefen ido. “Haba Iya, ke da kika riƙe masauki. Baƙo yana kwana da huhunansa ne? Ai kayan na sito, yanzu za a kwaso.”

Kwasar kayan ce ta ɗauki lokaci. Tsohon faifan yana gurnani yana ja, kamar tirela a kan tudu. Aka yi azahar. Iya Basira mai abinci, wadda tun zamanin Nafi'u take bakin rumfar, ta kawo mini amala na kasa ci. Bayan la'asar Bilkisu ta ce a kawo lasifika. Ta danna.

“Salamu alaikum direbobi. Ku kashe inji, ku gyara zama. Ga Iya. Amma kada ku bari ta ji kuna hamma, ba ta yafewa.”

Sai kuma muryata daga baya, ina cewa, “Kai, rufe mini baki,” da dariyarsa.

Na zaci kuka zan yi. Guɗa na rangaɗa! Tsohuwa da ni, a tsakiyar maza, guɗar da rabona da ita tun bikinsa. Alhaji Sule kuwa ya rufe fuska da hula, yana kuka.

Saura abu ɗaya, tsohon akwatin. Bilkisu ta ce yanzu ana iya kashe shi. Alhaji ya miƙa hannu ya janye, ya sake miƙawa ya janye, ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Na tashi. Na yi wa akwatin godiya yadda fatake ke yi wa maigidana ranar tafiya, na ce ka riƙe baƙo da mutunci, Allah ya saka. Na danna da yatsana. Fanka ta yi tarinta na ƙarshe, koriyar fitila ta mutu. A can gefe kuwa muryata na ta zuba a lasifika, kifi ya kusa isa tasha. Ɗanliti ya jefa sabon gidan a aljihun gaban rigarsa, aka tsallaka layin dogo ana raha.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Nafi'u zai leƙo yau me zai ce? Na san zai fara da yi wa direbobi tsiya, ya ce shi ya hana cajin waya, su suka mai da shi waliyyi. Sannan idan ya ji labarin tsayuwa cikin ruwa zai nemi wuri ya zauna. Zai karɓi ɗan akwatin nan ya juya shi sama da ƙasa, ya hana kowa sakat da tambaya. Bilkisu ta ce yanzu irin baƙon nan sun cika duniya, suna can cikin manyan gine-gine suna ɗauke da ayyukan da muke yi a waya, ana tashinsu ana kwantarwa ba mai ko waiwayawa. Da ya ji haka tsallen nan nasa zai daka ya ce ai na faɗa. Yau kusan kowane direba na da data, wayoyi har amsa tambaya suke yi, amma ga mutane na zuwa rumfa su ɗebi labarin tsohuwa. Wannan kam ni ce zan ce masa ai na faɗa. Abin da na fi so ya gani kuwa shi ne hannun 'yarsa a kan allo, ya san inda zai taɓa.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari ƙarami ne, da gangan kuma ya yi shi ƙarami, don kada ya yi wa kowa nauyi ranar ƙaura. Direbobi sun yi kuskure, gidan suka yi ta gadi alhali baƙon ne amanar. Amma ba zan bari kowa ya yi musu dariya a gabana ba, domin kuskuren nan ne ya riƙe faifan har yarinya ta girma ta iya.

Cikin waɗanda suka ga ranar da aka sauke baƙon a Ijora, Alhaji Sule na nan, ya daina tuƙi amma bai daina hayaniya ba. Iya Basira na nan da tukunyarta. Ɗanliti na nan, har yau bai ce ya yafe ba. Fataken da suka sauka a gidanmu duk sun tafi, sai wani tsoho ɗaya a Sakkwato da nake jin labarinsa wurin masu kawo albasa. Ni ma ga ni, haƙora sun ragu, baki bai ragu ba. Tsohon akwatin yana ɗakina a kan teburin tsintar goro, inda aka fara dire shi.

Bilkisu ta ce sabon sito na da faɗi, duk labaran da suka rage a cikina za su shiga, har mun fara ɗauka. Ta tambaye ni ko a sake gabatarwar, tunda tsohuwar tana da ƙara. Na ce kada ki kuskura. A bar shi ya riƙa cewa ga Iya, ni kuma in amsa.